Abin da ke sa GPS ɗin waya ya riƙa ɓatar da mai shi, da yadda ake gano bakin zaren

A 'yan shekarun nan, ɗan ɗigon nan mai launin shuɗi da ke motsi a kan taswirar waya ya zama abokin neman abinci ga mutane da dama a birane. Da shi direban da aka kira ta manhaja yake gano inda fasinja ke tsaye a Abuja, da shi mai babur yake kai kayan da aka saya ta WhatsApp har ƙofar gida a Kano ko Kaduna, da shi kuma ma'aikacin da aka tura duba wani aikin gwamnati a ƙauye yake tabbatar wa ofis cewa ƙafarsa ta taka wurin. Ranar da ɗigon ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, ko ya ajiye mutum a unguwar da bai taɓa zuwa ba, asarar kan wuce ɓata lokaci. Ciniki kan warware, kuɗin mota kan ƙaru, rahoton aiki kuma kan dawo da alamar tambaya a kansa.

Lamarin ya ƙara nauyi ga 'yan kasuwa tun watan Agustan 2025, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya ba da umarnin a ɗaure kowace na'urar POS da wurin da aka yi mata rajista ta hanyar GPS, inda takardar ta lokacin ta ambaci tazarar mita 10. Na'urorin POS na zamani da yawa wayoyin Android ne a cikin wata riga daban, don haka ciwon da ke kama waya su ma yana kama su.

Idan matsalar ta taso, yawancin mutane kan ɗora laifin a kan sabis, wasu kuma su wuce kai-tsaye wurin mai gyara. Sau da yawa ba a nan gizo ke saƙar ba. Taurarin da ke sama da wuya su yi kuskure, na'urar da ke cikin wayar ma ba kasafai take lalacewa ba. Matsalar galibi tana tsakanin su biyun: wani rufi, wani saiti da aka taɓa ba a sani ba, ko wani tsohon bayani da wayar ke riƙe da shi.

Wayar saurare kawai take yi

GPS tsari ne na gwamnatin Amurka wanda aka gina tun asali domin soja. An harba tauraronsa na farko a 1978, tsarin ya cika a 1995, kuma yanzu taurarin ɗan'adam kusan 30 ne ke aiki a cikinsa, a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowanne yana zagaye duniya sau biyu a rana. Har zuwa watan Mayun 2000, da gangan ake gurɓata siginar da farar hula ke samu ta yadda kuskure kan kai mita 100, sai Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a daina. Yau wayar da ke a fili, ba abin da ya tare mata sama, tana iya gano inda take da kuskuren da bai wuce kimanin mita 5 ba.

Kowane tauraro na ɗauke da agogo mai matuƙar daidaito, kuma aikinsa shi ne ya yi ta shelar abu biyu ba dare ba rana: ga inda nake, ga lokacin da na faɗi haka. Saƙon yana tafiya da gudun haske, kilomita 300,000 a sakan guda. Wayar takan auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta san nisanta da tauraron. Idan ta ji taurari huɗu a lokaci ɗaya, lissafi zai ba ta inda take, ya kuma gyara mata agogonta wanda bai kai na taurarin inganci ba. Awon yana da tsauri ƙwarai, domin kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan yana nufin kuskuren mita 300 a ƙasa.

Abubuwa biyu ne suka fito daga wannan bayani, kuma a kansu sauran maganar ta rataya. Na ɗaya, wayar ba ta aika wa tauraro komai. Tauraron bai san da ita ba, ba ya ganin mai ita, ba ya kuma buƙatar kati ko data kafin a ji shi. Kamfanonin sadarwa irin su MTN da Airtel da Glo ba su da hannu a cikin siginar, saboda haka sauya layi ba ya ƙara mata ƙarfi. Na biyu, siginar na da rauni fiye da yadda ake zato. Ƙarfin da tauraron ke aika ta da shi bai fi na ƙwan lantarkin ɗaki ba, ga shi kuma ta yi tafiyar dubban kilomitoci. Kafin ta iso ƙasa ta zama kamar raɗa a tsakiyar kasuwa. Gajimare da ruwan sama da ƙurar hunturu ba sa hana ta wucewa, amma kwano da kankare suna tare ta.

Ya kamata a san cewa abin da ake kira GPS a bakin jama'a yanzu ya haɗa da wasu tsare-tsaren. Rasha na da GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo wanda ya fara aiki a ƙarshen 2016, ƙasar Sin kuma ta kammala BeiDou a 2020. Yawancin wayoyin da aka yi a shekarun baya-bayan nan suna sauraren biyu ko uku ko duka huɗun a tare, shi ya sa sabuwar waya mai arha kan fi tsohuwa mai tsada saurin gano wuri.

Gwajin da ya kamata a fara da shi

Kafin a taɓa kowane saiti, kafin a kashe ko sisi, gwaji ɗaya ne ke raba gardama. A fita fili inda sama ke buɗe ta kowane ɓangare, kamar filin ƙwallo, harabar ofis ko wurin ajiye motoci, nesa da dogon gini da inuwar manyan itatuwa. A cire wa wayar riga, a kunna data, a buɗe taswira, a tsaya cik na minti biyu zuwa uku. Tsayuwar tana da muhimmanci, domin wayar da ke tafiya cikin mota ta fi shan wahalar kama taurari a karon farko.

A taswirar Google Maps, da'irar nan mai haske da ke kewaye da ɗigon ita ce wayar ke faɗin iyakar shakkarta. Idan da'irar ta mamaye unguwa guda, wayar ba ta kama taurari ba tukuna, ƙiyasi kawai take yi. Idan ta tsuke ta koma 'yar ƙarama, an kama. Idan ɗigon ya koma launin toka, wayar na nuna wurin da ta sani na ƙarshe ne, ba inda take yanzu ba.

Mai son ganin abin da idonsa zai iya sauke ɗaya daga cikin manhajojin gwaji na kyauta a wayar Android, irin su GPSTest. Manhajar kan jero taurarin da wayar ke ji, da tutar ƙasar da ta mallaki kowanne, da wata lamba da ke nuna ƙarfin siginarsa. A fili, lafiyayyar waya ta zamani kan ga taurari 20 ko fiye, kuma waɗanda suka fi ƙarfi lambarsu kan kai tsakanin 35 da 45. Idan duka suna ƙasa da 25 alhali ana tsakiyar fili, akwai abin dubawa. Mafi sauƙi ma shi ne a ajiye wayar wani kusa da ita a gwada su tare. Idan duka biyun sun rikice, matsalar ta wurin ce ko ta lokacin. Idan ɗaya ce kawai ta gaza, to ita ce mai ciwon.

Wayar da ta ci wannan gwaji ba ta da abin da za a kai wa mai gyara. Sai a koma neman dalili a wurin da aka saba amfani da ita.

Rufin kwano da lungun kasuwa

A nan ne yawancin 'yan kasuwa ke gamuwa da matsalar. Shagon da ke tsakiyar kasuwa irin Kantin Kwari ko Sabon Gari a Kano, ko babbar kasuwar Wuse a Abuja, galibi yana ƙarƙashin kwano ko kankare, a cikin layi mai ƙunci wanda sama ba ta bayyana sai 'yar siririyar tsaga. Shagon kwantena ya fi kowanne muni, domin akwatin ƙarfe ne ta kowace fuska. Gilashin taga da katako da tamfol suna barin sigina ta wuce, ko da ta ɗan rage ƙarfi. Ƙarfe kuwa mayar da ita yake yi.

Wannan mayarwar ce ke haifar da tsalle-tsallen ɗigon. Kamar yadda murya ke bugun bango ta dawo da amsa-kuwwa, haka siginar tauraro ke bugun jikin gini ko rufin maƙwabci kafin ta iso ga waya. Tun da ta bi doguwar hanya, sai wayar ta ɗauka tauraron ya fi nisa, lissafin ya karkace, ɗigon ya tsallaka titi ya shiga gidan wani. Haka abin yake a tsakanin dogayen benaye na tsakiyar Abuja da ƙarƙashin gadojin sama. Akwai kuma batun rarrabuwar taurarin. Idan waɗanda wayar ke ji duk sun taru a ɓangare ɗaya na sama, kamar yadda yake faruwa a lungu, awon ba ya yin kyau ko da sun kai goma. Taurari shida da ke warwatse gabas da yamma, kudu da arewa, sun fi su amfani.

To me wayar ke yi idan ta rasa taurari? Ba ta cewa ban sani ba. Takan koma ga ƙiyasi daga ƙarfen sabis mafi kusa da kuma na'urorin Wi-Fi da take ji a kewaye. Kamfanonin Google da Apple na da rumbun bayanai na wuraren da aka taɓa jin kowace na'urar Wi-Fi, kuma a cikin gini wannan hanyar kan taimaka sosai. Ƙiyasin ƙarfen sabis kuwa yana iya kaucewa da ɗaruruwan mitoci a birni, da kilomitoci a karkara.

Daga nan ne wani abin mamaki ke fitowa wanda ma'aikatan da ake yi wa sauyin wurin aiki suka fi cin karo da shi. Wanda ya ɗauko na'urar Wi-Fi ɗinsa daga Kaduna ya dawo da ita Abuja zai iya ganin wayarsa, idan yana cikin ɗaki, tana nuna masa tsohon gidansa na Kaduna. Rumbun bayanan ne bai riga ya san an yi ƙaura ba, kuma yakan gyara kansa bayan wani lokaci. Kwamfutar ofis kuma mafi yawa ba ta da GPS sam, daga adireshin intanet take hasashe, shi ya sa mutum yana zaune a Gusau za ta ce yana Legas.

Maganin wannan rukuni ba ya cin kuɗi. Mai son tura wa abokin ciniki inda shagonsa yake ya fito bakin ƙofa ko bakin layi tukuna. A WhatsApp, a ƙarƙashin wurin da ake danna tura wuri, akwai ɗan rubutu da ke faɗin yawan mitocin da awon zai iya kaucewa. Yakan fara da babbar lamba, ya yi ta raguwa. Gaggawar dannawa kafin lambar ta sauko zuwa 10 ko 15 ita ce ta fi jefa masu kai kaya cikin yawon neman gida. Haka nan ranar da za a yi wa shago ko na'urar POS rajistar wuri, gara a ɗauki awon a bakin ƙofar shagon inda ake ganin sama, a kuma jira ya nutsu, domin kuskuren da aka rubuta a ranar farko shi za a riƙa auna mutum da shi.

Saitunan da ke ɗaure wa waya hannu

Idan wayar ta gaza a fili, ko kuma manhaja ɗaya ce kawai ke ɓata alhali sauran na aiki, sai a shiga saiti. Sunayen wuraren sun ɗan bambanta tsakanin Tecno da Infinix da itel da Samsung da Redmi da iPhone, amma duk suna ƙarƙashin sashen da aka rubuta wa "Location".

Tun daga iOS 14 a 2020 da Android 12 a 2021, kowace manhaja kan tambayi mai waya ko ya yarda ta san ainihin inda yake ko kuwa yankin kawai. Mutane da yawa kan danna amsa cikin sauri ba su karanta ba. Manhajar da aka ba izinin yanki kawai za ta riƙa nuna da'ira mai faɗin kilomitoci, komai kyawun siginar. Wannan zaɓi yana da kyau ga manhajar hasashen yanayi ko ta labarai, waɗanda ba su da dalilin sanin ƙofar gidan kowa. Ga taswira da manhajar kiran mota da ta aikin ofis kuwa, dole a kunna wanda aka rubuta wa "Precise". A wayar Android akwai kuma saitin ƙarin daidaito na Google, wanda ke ba wayar damar haɗa taurari da Wi-Fi da ƙarfen sabis. Kashe shi kan sa wayar ta makance da zarar an shiga ƙarƙashin rufi.

Sai tsarin tattalin batir, wanda a ƙasar da wuta ba ta zama kusan kowa ke barin sa a kunne. Sauraren taurari na cin caji, don haka GPS na cikin abubuwan farko da wannan tsari ke taƙaitawa. A wasu wayoyin, da zarar fuskar waya ta mutu sai a yanke wa manhaja sanin wuri. Alamarsa a bayyane take: tafiya na daidai muddin ana kallon taswira, amma idan aka sa wayar a aljihu sai layin tafiyar ya yanke, ko ya miƙe ɗoɗar ya ratsa gidaje. Direbobi da masu aikin zagaye su ne wannan ya fi cuta. Ana iya cire manhajar da ake aiki da ita daga jerin waɗanda tsarin ke taƙaitawa, ba sai an kashe shi gaba ɗaya ba.

Kwanan wata da agogon waya su ma a bar su su riƙa saita kansu. Wayar da aka saya hannu kuma a duba ko tsohon mai ita ya bar manhajar ƙirƙirar wurin bogi a ciki, domin irin waɗannan manhajoji kan ci gaba da yi wa sauran ƙarya har sai an goge su.

Inda data ke shigowa

An ce GPS ba ya buƙatar data, kuma haka ne, amma data na rage masa wahala. Kafin waya ta yi amfani da tauraro, sai ta san ainihin hanyar da yake bi a sama. Tauraron da kansa yana karanto wannan bayani, sai dai a hankali ƙwarai: bayanin hanyarsa yana maimaituwa duk sakan 30, cikakken jadawalin dukkan taurarin kuma yana ɗaukar minti 12 da rabi. Idan wani abu ya gitta ana tsakiyar karɓa, sai a sake jira. Wayar da ke da intanet kan sauke wannan bayani cikin ƙiftawar ido, da data kaɗan ƙwarai, shi ya sa take kama wuri cikin 'yan sakanni.

Bayanin hanyar tauraro kan tsufa bayan 'yan sa'o'i. Saboda haka wayar da ta daɗe a kashe, ko wadda aka yi doguwar tafiya da ita a jirgi, ko wadda ke ƙauyen da babu sabis, za ta iya ɗaukar minti da yawa kafin ta dawo hayyacinta. Wannan ba lalacewa ba ce, haƙuri a fili kawai take buƙata. Wani lokaci kuma bayanin da ta adana ne ke gurɓacewa, sai ta yi ta neman taurari a inda ba su. Kashe wayar a sake kunnawa kan warware wannan, kuma manhajojin gwaji na da maɓallin goge tsohon bayanin a sauko da sabo.

Akwai bambanci tsakanin sanin wuri da hoton taswira. Taurari ne ke ba da wurin, amma zanen tituna daga intanet yake zuwa. Inda sabis ya ɗauke, ɗigon na iya kasancewa daidai a kan farin shafi da babu komai. Mai shirin tafiya irin ta Kano zuwa Maiduguri ko Sakkwato zuwa Birnin Kebbi zai iya sauke taswirar yankin tun yana gida, ta yadda ko sabis ya yanke tituna na nan.

Kibiyar da ke kallon baya

Wani ƙorafin da ake jingina wa GPS ba nasa ba ne. Ɗigon na wurin da ya dace, amma hasken da ke nuna inda aka fuskanta yana kallon wani gefe daban, ko taswirar ta yi ta juyawa. Taurari ba sa sanin inda mutumin da ke tsaye ya fuskanta. Wannan aikin wani ƙaramin kamfas ne a cikin wayar, mai aiki da maganaɗisun duniya, kuma kowane maganaɗisu ko babban ƙarfe da ke kusa na ruɗa shi: rigar waya mai marfin maganaɗisu, abin maƙala waya a mota, lasifika, janareta, har da rodin da ke cikin ginshiƙi. Ana daidaita shi ta hanyar riƙe wayar a zana lamba 8 a iska sau da yawa, nesa da ƙarfe. Masu duba alƙibla da waya ya kamata su fi kowa kula da wannan, domin manhajar na iya sanin garin daidai ta kuma nuna gefen da ba shi ba. Daga Kano alƙibla tana gabas ne da ɗan karkata zuwa arewa, kimanin digiri 68 daga arewa, kuma duk kibiyar da ta yi nisa da haka kamfas ɗinta ne ya ruɗe. Wasu wayoyi masu arha ma ba a sa musu kamfas ɗin ba tun daga kamfani.

A cikin mota kuma abubuwa uku ne ke haɗuwa. Rufin ƙarfe na tare sama, don haka wayar da ke kan cinya ko a ramin da ke tsakanin kujeru ba ta ji sosai kamar wadda ke kusa da gilashin gaba. Caja marar inganci da wasu ƙananan kyamarorin mota kan fitar da hayaniyar lantarki da ke danne siginar, kuma ana gane haka idan matsalar ta tafi da zarar an zare cajar. Na uku zafi ne. Kamfanin Apple ya ce an yi wayoyinsa su yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, alhali a watan Afrilu zafin Maiduguri da Sakkwato kan haura 40 a inuwa, balle a bayan gilashin mota. Wayar da ta yi zafi takan rage wa kanta aiki ko ta kashe fuskarta har sai ta huce.

Ranar da laifin na sama ne

Ba kullum ne laifin ke ƙasa ba. A can sama, har zuwa kusan kilomita 1,000, akwai wani sashe na iska da hasken rana ke cika shi da lantarki, wanda masana ke kira ayonosfiya. Siginar tauraro kan ɗan yi jinkiri idan ta ratsa shi, kuma wannan ne babban tushen kuskure na ɗabi'a a awon GPS. Najeriya na cikin yankin da abin ya fi shafa, domin layin tsakiya na maganaɗisun duniya ya ratsa ta cikinta. A wannan yanki, bayan faɗuwar rana zuwa tsakar dare, sashen kan hargitse ya sa siginar ta riƙa rawa kamar yadda tauraro ke ƙyalƙyali a ido. Abin ya fi yawa a wajajen Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba, da kuma shekarun da rana ke kan ganiyar tashin hankalinta a zagayen da take yi na kimanin shekara 11. Hukumomin NASA da NOAA na Amurka sun sanar a Oktoban 2024 cewa an shiga irin wannan ganiya, kuma a watan Mayun shekarar wata guguwar rana ta sa manoma da dama a Amurka dakatar da shuka saboda taraktocinsu masu bin GPS sun rikice. Ga mai waya, tasirin galibi ƙarin 'yan mitoci ne ko ɗan yankewa. Masu awon filaye ne suka fi jin jiki, kuma mai aikin da ke buƙatar daidaito zai fi samun natsuwa idan ya yi awonsa da safe.

Wayoyin da ke sauraren zango biyu na sigina, L1 da L5, sun fi jure wa wannan da ma amsa-kuwwar gine-gine, domin suna kwatanta biyun su cire kuskuren. Xiaomi Mi 8 ce ta fara zuwa da wannan a 2018, iPhone kuma ta bi sahu da 14 Pro a 2022. Wanda sana'arsa ta rataya a kan taswira ya cancanci ya tambayi wannan kafin ya tambayi girman kyamara.

Akwai kuma toshewa ta ganganci. Tun da siginar raɗa ce, ƙaramar na'ura na iya danne ta, kuma irinta ce ɓarayin mota da wasu direbobi ke amfani da ita don makantar da na'urar bin sawun mota, ta kuma shafi wayoyin da ke kusa. A yankunan yaƙi abin ya fi haka girma. Tun daga ƙarshen 2023 mazauna Isra'ila da Labanon da Jodan sun sha ganin wayoyinsu na nuna musu filin jirgin saman Beirut ko birnin Alƙahira, saboda siginar bogi da ake watsawa. A 2024 kamfanin jiragen sama na Finnair ya dakatar da zuwa birnin Tartu na Estoniya na kimanin wata guda saboda katsalandan ga GPS. Babu saitin da ke maganin wannan sai barin yankin.

'Yan kasuwar da ke zuwa sarin kaya Guangzhou ko Yiwu na da tasu matsalar daban. Dokar ƙasar Sin ta tilasta a karkatar da lambobin wurare a taswirorin ƙasar, ta yadda taswirar waje kan nuna mutum ɗaruruwan mitoci daga inda yake. Manhajojin cikin gida irin su Amap da Baidu Maps ne ke daidaita wannan. A gida Najeriya ma wani lokaci taswirar ce ke da kuskure ba wayar ba, musamman a sababbin unguwanni inda ba a zana layuka ba ko aka sa sunan shago a wurin da ba nasa ba.

Sai a je wurin mai gyara

Idan wayar ta gaza a fili, wata kusa da ita na aiki, an duba saiti, an sabunta manhajar wayar, an kuma kashe an kunna, to zargi ya koma kan eriya. A yawancin wayoyi eriyar GPS tana can sama kusa da kyamara, wani siririn layin ƙarfe ne a jikin marfi ko firam, wanda ke haɗuwa da fanel ta wasu 'yan ƙananan ƙusoshi masu lanƙwasa. Faɗuwa ƙasa, shigar ruwa, kumburin batir da ya ɗaga marfi, ko sauya gilashi da marfin baya na iya raba wannan haɗi. Shi ya sa tambayar farko ita ce yaushe matsalar ta fara. Idan bayan wani gyara ne, to da alama an bar wani abu bai zauna ba, ko an sa marfin da ba shi da layin eriyar.

Gyaran irin wannan ƙarami ne, gogewa ne da ɗaga ƙusoshin su sake taɓawa. Yana da kyau a nemi mai gyara ya fara duba nan kafin a kai ga maganar sauya fanel ko yi wa waya filashin, wanda ke share duk abin da ke cikinta kuma ba ya gyara eriyar da ta rabu. Idan har sai an yi filashin ɗin, a kwashe hotuna da lambobi da bayanan ciniki tukuna.

Kasuwannin waya su ma galibi a ƙarƙashin kwano da kankare suke, inda taswira za ta nuna wuri daidai ta hanyar Wi-Fi ko da eriyar a mace take. Don haka wanda aka gyara wa waya, ko mai sayen ta hannu, ya fita da ita waje ya buɗe manhajar gwaji, ya ga yawan taurarin da ta kama da ƙarfin lambobinsu, kafin ya miƙa kuɗi.